Yadda Za Ka Ƙwace Gida Daga Hannun Matarka Da Jirgin Kaya

Idan kana da mata, da gida mai ɗaki uku a saman bene, da ciwon son jirgin ƙasa, to ka faɗo hannun da ya dace. Sunana Budimir, ni ne shugaban ƙungiyar masu haɗa ƙananan jiragen ƙasa ta garinmu. Hanyar da zan koya maka tabbatacciya ce. A kan aminina Dragutin muka gwada ta, wanda ni na yi masa babban abokin ango, kuma sai da ya mallaki gidansa kaf, har da kicin. Ka bi a hankali, kada ka tsallake ko ɗaya.

Mataki na 1: Ka fara da abin da zai ba ta tausayi

Kada ka shigo da akwatuna. Ka shigo da tarago ɗaya wanda bai wuce tsawon yatsa ba, ka ɗora a kan talabijin. Haka Dragutin ya yi wata rana da ya taso daga aikinsa na gidan waya. Matarsa Radmila ta ɗauka ta jujjuya, ta ce abin gwanin kyau, har ta shimfiɗa masa ɗan ƙyallen saƙar hannu a ƙarƙashi.

Bayan kwana biyu ya gaya mata tarago ba ya zama a kan ƙyalle, sai da ɗan layin dogo. Ta yarda. Dogo kuma ba ya zama a kan talabijin, sai a kan katako. Nan ma ta yarda, domin ba ta tambayi girman katakon ba. Babu matar da take tambaya. Ka dogara da wannan.

Mataki na 2: Ka haramta kalmar "wasa"

Duk wanda ya ce kayan wasa ne, ka hukunta shi da tarihi. Dragutin a bayan tashar kaya ya tashi, kuma ni da shi a kan gadar ƙafa muka ƙare ƙuruciyarmu muna leƙen taragu. Saboda haka da zarar Radmila ta ce ya kau da kayan wasansa za ta yi shara, sai ya ajiye cokali ya fara. Ya ba ta labarin lokacin girbi, yadda rufaffun taragu masu launin jar ƙasa ke jeruwa a gindin rumbun alkama, tsuntsaye na bin su. Yadda idan kan jirgi ya finciko, ƙarar ƙarfe ke bin jerin daga farko har wutsiya, kamar ana buga tukwane ɗaya bayan ɗaya. Buɗaɗɗun taragun kwal, da na aladu waɗanda hanci ke fara sanar da zuwansu, da mai gadin da ke taragon ƙarshe yana gasa masara a ɗan murhunsa. Wanda ya ji labarin nan sau uku ba ya sake kuskure.

Sannan ka nuna mata aikin gaskiya kake yi. Dragutin ya rantse zai gina tashar yadda take, ba ƙari ba ragi. Sabon tarago idan ya sayo, sai ya ɓata shi da gangan, ya sa masa tsatsa da ƙura, domin bai taɓa ganin taragon kaya mai tsabta ba. Ƙurar da ta fi kama da ta gaske ita ce hodar fuskar Radmila. Ta daɗe tana zargin kantin da rage awo.

Mataki na 3: Jirgin kaya kawai

Jirgin fasinja na masu gaggawa ne. Zagaye yake yi, teburi ɗaya ya ishe shi, kuma da teburi ɗaya ba a ƙwace gida. Jirgin kaya kuwa yana bukatar wurin jera taragu, da wurin raba su, da rumbu, da ma'ajiyar kwal, da dogon da babu abin da yake yi sai jira. Kowanne fili ne, kuma kowanne kana da hujjarsa.

Idan baƙo ya tambaya ko jirgin ba ya gudu fiye da haka, ka dube shi yadda Dragutin yake yi, ka ce, "Da kwal a ciki?"

Mataki na 4: Ka yi wa ɗanka fatan aiki a nesa

Ranar da ɗansu Nenad zai tafi aiki Jamus, muka raka shi tashar mota. Radmila tana kuka tana cusa masa burodi da cuku a jaka. Dragutin ma idonsa ya yi ja, ban ce a'a ba, amma akwai magwajin awo a aljihun kwat ɗinsa.

Da Nenad ya dawo hutun Kirsimeti ya tarar da rumbun alkama a inda kansa yake kwana. Ya tambayi ubansa ina zai sa haƙarƙarinsa.

"Ƙarƙashin tasha akwai katifa," in ji Dragutin. "Sai dai kada ka ɗaga kai da sauri."

Mataki na 5: Bango ra'ayi ne kawai

A zahiri dogon ba a tasha ya tsaya ba, ya zarce har masaƙar garinmu da ke bakin kogi. A gidan Dragutin kuwa ya zo ya ci karo da bango. Bayan bangon akwai ɗan ɗakin ajiya inda Radmila ke jera kwalaben gasasshen tattasai na hunturu, bayansa kuma kicin. Na ba shi shawara ya jira ranar kasuwa.

Ramin da muka huda bai fi girman burodi ba. Muka matsar da kwalaben, muka shimfiɗa dogo. Radmila ta dawo da jakar kabeji ta tarar jirgin kwal yana fitowa daga tsakanin tattasanta, ya bi ta bayan murhu, ya nufi wurin wanke-wanke. Ta tsaya har taragon ƙarshe ya wuce, sannan ta juyo gare ni.

"Abokin ango, kai ka riƙe masa guduma?"

Na ce ni awo kawai na yi. Ta gyaɗa kai, ta dafa mana kofi, har da sukari. A hanyar gida na gaya wa kaina mun yi nasara, domin macen da ta ba ka kofi ta sallama. Washegari da safe ta hau bas da akwati biyu da keken ɗinkinta, ta yi yaji zuwa gidan yayarta Smilja a Sombor.

Mataki na 6: Ka more

Yanzu gida naka ne. Muka tsallakar da dogo ta kan teburin cin abinci, 'yan ƙungiya suka riƙa zuwa kallo, ana shan barasar da muke kira rakiya ana gardama a kan launin rufin tasha. Dragutin yana cin kifin gwangwani a tsaye. Idan ya buga waya Sombor, Smilja ce ke ɗauka, ta ce Radmila na da aiki a hannu.

Kaka ta shigo, duk unguwa na ƙamshin tattasai, gidansa shiru. Wata ranar Asabar na same shi zaune a kicin, jirgi ya tsaya rabinsa a cikin ramin bango, ƙura ta gaske ta hau dogo. Na tambaye shi ko wuta ce ta lalace. Ya ce wuta lafiya lau.

"Da, in na tayar da jirgi, takan ɗaga murya ta ce in rage ƙara tana jin rediyo," ya ce. "Yanzu in na tayar, ƙarar ce kawai."

Na shawarce shi ya sayi sabon kan jirgi. Bai ɗauka ba. Matakan da suka rage nasa ne, na sa su ne don kada a ce na ɓoye wani abu.

Mataki na 7: Idan za ka je biko, ka bar hujjojinka a gida

Ya ce dole in raka shi, tunda ni na tsaya masa ranar aure. Smilja ta ba mu kujerun da suka fi kowanne gajarta. Dragutin ya fara bayanin cewa zai iya toshe rabin ramin. Radmila ta bar shi ya gama, sannan ta tambaye shi ko har yanzu yana nan a kan maganarsa ta gina komai yadda ya faru. Ya ce yana nan.

"To ai layin na gaske an rufe shi, Drago. An kwashe dogon, ciyawa ta fito. Me ya hana naka kaiwa nan?"

Akwai abin da mu uku muka sani ba mu taɓa tayar da zancensa ba. Ranar da jirgin kaya na ƙarshe ya bar tasharmu, rabin gari yana kan gada, har da ni. Dragutin yana bakin ɗakin haihuwa, Radmila na naƙudar Nenad, likitoci sun ƙi yi masa alkawarin ko ɗayansu zai rayu. Ya ji busar jirgin ta taga, bai motsa daga bencin ba.

"Na san abin da ya wuce ka ranar nan," ta ce, "kuma ban taɓa raina shi ba. Ka je ka yi wa jirginka rakiyar da ba ka samu yi ba. Sannan ka ba ni kicin ɗina da ɗakin ɗana."

Mataki na 8: Ka sa kwat

Ranar Lahadi muka taru, kowa da kwat ɗinsa. Radmila ta zo da Smilja. Dragutin ya tambaye ni yadda jirgin ƙarshe yake, tambayar da bai taɓa yi mini ba. Na gaya masa taragun alkama ne babu komai a ciki, da na kwal guda ɗaya, kuma an ɗaura furanni a gaban kan jirgi. Radmila ta tsinko ɗan fure daga tukunyar taga ta ɗaura wa ɗan kan jirgin da zare.

Ya tayar da shi a hankali. Jirgin ya bar tasha, ya shige bango, ya fito ta bayan murhu. A bakin wurin wanke-wanke Radmila ta riƙa ɗauke taragun ɗaya-ɗaya tana naɗe su a jarida. Dragutin ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, bai mayar ba sai da dogo ya zama fayau.

"Ashe haka ya yi," ya ce.

Na ce na gasken ya fi ƙara. Smilja ta taka mini ƙafa.

A makon muka kwashe dogo muka toshe bango. An bar masa katako ɗaya a falo, tashar tana kai a rufe, ya dasa mata ciyawa tsakanin duwatsu, da akuya guda. Yanzu duk ƙungiya babu wanda ya kai shi iya ciyawa.

Sanarwa

Ni Budimir ba ni da alhakin bangon kowa, ko tattasan kowa, ko wuyan ɗan da ya ɗaga kai da sauri. Na yi alkawarin za ka samu gidan, ban ce za ka tarar da kowa a ciki ba. Wanda matarsa ta tattara ta tafi kada ya buga mini ƙofa, ya je tashar mota ya sayi tikiti. Jirgi ba ya zuwa can.