Ragon da Ya Ƙwace Mini Sarauta

Ba zan taɓa mantawa da ranar walimar auren ƙanwar matata ba, ko da na so in manta.

Bakina ne ya ja mini. Shekarar da na je Masar saro kaya, wani abokin ciniki ya kai ni Bahar Maliya, muka hau kwalekwalen masu nutso. Akwai wani jirgin dakon man fetur kwance a ƙarƙashin ruwan, tun yaƙin duniya na biyu aka sakar masa bam ya rabe biyu. Yanzu kifaye ne suka tare a ciki, baƙi na sauka kallo. Duk a bakin matuƙi na ji wannan, domin ni ina kwance ina ta amai (ko takalmi ban cire ba).

Da na dawo Dala sai labari ya gyaru. A majalisa ni ne na sauka, na shafa farfelar jirgin, na leƙa ɗakin kyaftin. Aka sa mini Sarkin Ruwa, ni kuwa ina amsawa har da gyaran murya.

Ranar walima, tsakiyar damina, ragon da surukina Alhaji ya tanada don baƙi ya tsinke igiya ya faɗa kududdufin bayan gida. Jama'a suka taru. Alhaji ya waiwayo a natse ya ce, "Ai abin ya zo da sauƙi, ga Sarkin Ruwa."

Ni da ban taɓa iyo ba ko a mafarki. Amma wa zai ƙaryata kansa a gaban suruki? Na tuɓe babbar riga (sabon ɗinki), na yi bisimilla, na faɗa. Ƙafata ta nemi ƙasa ta rasa. Na sha koren ruwa na ƙoshi, na kira sunan mahaifiyata, na damƙi abin da hannu ya samu. Ashe ƙahon ragon ne. Ya yi iyonsa, ya jawo ni har gaɓa kamar buhun gero.

Can gwaggon amarya ta ce, "Alhaji, wannan ragon ba na yanka ba ne, ya ceci rai."

Kaji aka ci a walimar. Ragon yana nan gidan Alhaji, shi ake kira Sarkin Ruwa, in na je gaisuwa sai an tambaye ni ko na gaida maigidana.

Tun daga ranar, inda ƙafata ta tsaya, nan bakina yake tsayawa.