Tumbina a Kwalin Shayi

Na yi fatauci a Jidda da Kwatano, harsuna biyar nake ji. Shi ya sa da Alhaji Sabo, maƙwabcina a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, ya roƙe ni in duba masa Turancin kwalin shayin rage ƙiba da zai kai Kano, na gyara zaman hula na ce, "Ai ka zo inda ya dace."

A masana'anta na tsaya kan kowace kalma, har na soke alkawarin narkar da tumbi cikin kwana uku. Lawban, wato mai wurin, ya ji daɗi, ya nemi mu ɗauki hoto kamar yadda suke yi da baƙi. Na tsaya a kaikaice, na cika ƙirji.

Da suka turo samfurin ƙarshe ta waya, na bi rubutun layi-layi, ban ko kalli hotuna ba. Na ce a buga. Ashe mai zanen ya ɗora hotona na wucin gadi a gurbin "kafin shan shayi", yana jiran mu ce a canza.

Matata Hajiya ce ta kira daga Kano, dariya ta hana ta sallama. "Alhaji, na gan ka a kasuwa. Turancin dai babu kuskure."

Na ce ta rufa min asiri. Ta ce ta sayi kwali guda ta ajiye gaban madubi, don ta yi kewar tumbin nan, kuma kada in kuskura in sha shayin.

Har yau "Alhaji Kafin" jikokina suke kirana.