Ranar da Na Kai Teɓa Awo

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗauki teɓata na kai ta awon ciki Dutsin-Ma ba.

Ni da maigidana muna shan maganin nan na cuta mai karya garkuwar jiki, ƙwaya guda kullum. Tun ina da cikin ɗiyata Hanifa aka ɗora ni a kai, aka haife ta lafiya, duk gwajin da aka yi mata tas yake fitowa. Da can ni siririya ce kamar sillen kara. Da magani ya karɓe ni sai na soma cika, matan unguwarmu a Barkiya suna cewa hutu ya zauna mini. Ni kuwa har wani yauƙi nake.

To, sai cikar ta tattara ta koma ciki. Zani ya daina zagayowa. Ga kasala, ga ƙishirwa, ga fitsari kamar an kunna famfo. Al'ada kuma dama tun haihuwa ba ta daidaita ba. Na zauna na haɗa wannan da wancan (ni da ko firamare ban ƙarasa ba, amma ranar na zama likita), na yanke wa kaina hukunci: kwanika na yi, ciki a kan goyo.

Ba surutun mutane ne ya fi damuna ba. Tsorona kada a ce na makara zuwa awo, abin da ke cikina ya ɗauki cutar.

Na faɗa wa surukata, Inna, wadda ta san halin da muke ciki. Ta latsa cikin nan ta ce, “Wannan ai ya kwana biyu, ɗiyar nan. Zaman ɗa namiji ma ya yi.” Daga ranar ta hana ni daka da ɗebo ruwa, ta tsare ni da fura mai suga da lemun kwalba, wai in samu ƙarfi. Har motsi na riƙa ji (daga baya na lura, sai ranar da aka ci ɗanwake yake motsin).

Muka hau mota da Inna sai asibitin da nake karɓar magani. Layin awo ya cika maƙil. Na dafe ƙugu ina nishi, har wata baiwar Allah mai tsohon ciki, haihuwa ko yau ko gobe, ta tashi ta ba ni wurinta. Na zauna abina, har da ce mata Allah ya raba lafiya.

Ma'aikaciyar da ta saba duba ni, Malama Rabi, ta gwada fitsari ta ce ba komai. Na ce a sake. Aka kai ni hoton ciki, nan ma wayam.

“Malama, wallahi yana motsi.”

“Maman Hanifa, hanjinki ne ke aikinsa.”

Sai ta jawo tef irin na tela ta zagaya cibiyata, ta auna jinina, ta tsikari yatsa, ta aika ni wani gwajin. Da sakamako ya fito ta zaunar da ni. Ta ce kitse ne ya taru a ciki, jinina ya hau, suga yana bakin ƙofa, ga maiƙo a cikin jini. Wai tare suke tafiya kamar 'yan gida ɗaya, kuma ana yawan ganinsu ga masu irin lalurarmu da suka daɗe kan magani. In an yi sake, zuciya suke taɓawa.

Na ce, “To in aje ƙwayar mana?”

Nan ta ɗaure fuska. “Kul! Ita ta kwantar da cutar, ita ta tsare Hanifa. Lemu za ki aje. Ki rage gishiri da mai, ki yawaita ganye, ki koma ga turminki. Duk zuwa zan auna ki.”

Raina ya yi sanyi, ba wani jariri da na jefa cikin haɗari. Sai dai fita daga ɗakin nan ita ce aiki.

Ina leƙowa Inna ta miƙe a tsakiyar mata, da muryarta ta kiran awaki: “Mi aka gani? Namiji ne ko?”

Mai tsohon cikin nan tana jingine da bango, har lokacin a tsaye don Inna ta tsare mini wurin zaman, ita ma ta zubo mini ido. Na sunkuyar da kai na ce, “Inna, teɓa ce.”

“Mi?”

“Teɓa!”

Layin nan ya kwashe da dariya. Wata ta ce, “Allah ya raya!” Wata ta ce a sanar da su ranar suna. Mai tsohon ciki ta tako a hankali ta ce, “To Hajiya, tun da an sauka lafiya, a ba ni wurina.”

Yanzu ina shan ƙwayata kan lokaci, ina cin zogale har na fara kama da akuya, awon jini kuma ba na fashi. Abin da na koya shi ne, in jiki ya canza, a fara kai shi gaban masu awo kafin a kai shi gaban suruka. Ciki wata tara ne a sauke, ita kuwa teɓa, ga shi har an yaye Hanifa ina nan ina naƙudarta.