Maigadi a Kan Tankin Ruwa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da 'yan aji uku suka kore ni, ni da aka ɗauka aiki saboda an ce ba na tsoro.

Gadi nake yi a wata firamare mai zaman kanta a nan Suleja, ta wajen Hashimi. 'Yan bindiga sun taɓa kwashe mu daga gona a ƙauyenmu, suka shiga da mu daji. Na gudo. Da na zo gari neman abin yi, wani ɗan'uwana ya kai ni wurin Madam mai makarantar, ya ce mata, "Wannan daga hannunsu ya ƙwaci kansa. Ba ya tsoron komai." Ban ce e ba, ban ce a'a ba. (Gaskiyar magana, barci ne ya ɗauke mai tsaronmu, na sulale da rarrafe.) Madam ta dubi tabon igiya a wuyan hannuna, ta ba ni makulli da ɗakin da ke jikin ƙofa. A ɗakin nan nake da matata da 'ya'yana. In aikin ya tafi, ɗakin ya tafi, kuma ba ƙauyen da za mu koma.

Shi ya sa na ɗaure fuska. Ba hira, ba dariya. Yara in sun zo wucewa ta gabana sai su rage murya.

Sai aka kawo sabon malamin motsa jiki, Malam Yohanna, wani siririn saurayi da usur a wuya. Ya ce yaran nan sun cika zama, daga keke sai benci, daga benci sai gaban talabijin. Kullum da sabon wasan guje-guje yake zuwa. Ranar, darasinsa ne na ƙarshe kafin a tashi. Na kulle ƙofa kamar yadda ake yi in yara suna fili, na jefa makulli a aljihu.

"Baba Maigadi, zo ka taya mu," in ji shi. "Sun gaji da kama junansu. Yau babban nama suke so."

Na ce, "Ina aiki."

Madam tana tsaye a baranda. Ta ce, "Haba Baba, shiga mana. Nuna musu irin gudun da ka yi wa mutanen daji."

Wadda ta ba ka wurin kwana ba ka yi mata musu. Na cire takalmi.

Wasan ba wuya. Yaro ɗaya ke kamu. Duk wanda ya taɓa, sai su riƙe hannu su ci gaba da kamu tare. Layi ya yi ta tsawo har a kama na ƙarshe. Da farko ma na ji daɗi. Ina gocewa, suna faɗuwa, suna dariya. Aka kame kowa, saura ni.

Sai na waiga.

Layi ne daga wannan katanga zuwa waccan, hannu cikin hannu, kowa ana jansa. A can ƙarshe wata 'yar ƙaramar yarinya ta yi tuntuɓe, ana ta janta tana cewa, "Ku tsaya, ƙafata." Haka aka jera mu da igiya a daji. Haka wata yarinya ta riƙa faɗa, ba wanda ya tsaya. Malam Yohanna ya busa usur, bakin layin biyu suka fara lanƙwasowa za su rufe ni a tsakiya.

Na ji warin fetur ɗin babur da ɗanyen ganye, alhali fili ne fetal. Na san yara ne. Na san sunayensu, na san wanda ke kuka in uwarsa ta makara. Kaina ya sani. Ƙafafuna ba su sani ba.

A bayan azuzuwa akwai tankin ruwa a kan dogayen ƙarafa, ya fi rufin makaranta tsawo. Tsaninsa duk tsatsa, wasu matakan ma babu. Har yau ban san yadda na hau ba. Na dai gan ni a sama, kwance rub da ciki, na rungume ƙarfe, na riƙe numfashi don kada a ji ni.

Yara suka kewaye gindin tanki. Wani ya ce wa malaminsu, "Ankul, wannan cuta ce, ba a hawa sama." Malam Yohanna yana dariya har da riƙe ciki. Da ya ga fuskata sai ya daina.

"Baba, sauko. An gama wasan."

Hannuna ya ƙi sakin ƙarfe.

Aka kaɗa ƙararrawar tashi. Iyaye sun taru a waje da 'yan acaɓa da masu keke, ƙofa a kulle, maigadi kwance a kan tanki. A garin nan kowa ya san abin da zai fara zuwa ran mutum. Wani ya ɗaga murya, "Maigadi, me ka hango? Sun zo ne?" Shi ke nan. Mata suka fara dukan ƙofa suna kiran sunayen 'ya'yansu. Wata tana salati, wata tana kiran Yesu. Yara da suka ji kukan iyayensu su ma suka fashe da kuka. Da ƙyar na zaro makulli na sako shi ƙasa.

Aka buɗe, kowa ya rungume nasa, aka gane ba komai. Sai duk ido ya dawo sama. A nan ne matata ta fito daga ɗaki da ludayi a hannu, ta ɗaga kai ta ce, "Malam, ka sauko haka nan. Wandonka ya yage ta baya, ana ganin komai." (Ba ta iya magana a hankali ba. Har masu keke sun ji.)

Malam Yohanna ne ya hau ya ɓamɓare min yatsu ɗaya bayan ɗaya, na sauko ina ɗaure da rigarsa a ƙugu.

A ofis Madam ta daɗe tana kallona. Ni kuma ina tunanin inda zan kai tabarma da tukwane.

Ta ce, "Ruwa ka hau dubawa, ko?"

Hanya ta ba ni, na gane. Na ce, "A'a. Tsoro na ji."

"Na yara?"

"Na layin."

Ta dubi wuyan hannuna, ta kau da kai. Na ajiye makulli a kan tebur. Ta turo min shi da bayan biro.

"Mai gyaran famfo ya ƙi hawa tankin nan tun bara, wai tsanin ba kyau. Tunda kai kana hawa, daga yau wankinsa naka ne. Je ka canza wando."

Yanzu in ana wasan layi, sai in juya kujerata in fuskanci titi har a gama. Abin da na koya kuwa, in tsoro zai kore ka, ka yi ƙasa-ƙasa, kada ka hau sama a gaban mai ba ka aiki. Duk ƙarshen wata ina can da bokiti da tsintsiya, ba na yarda in dubi ƙasa. Ashe hawa sama ma ina tsoronsa. Wannan kam ban faɗa mata ba.