Buhunan Jibo Sun Iso Bayan Ruwa

"...sai godiya. Barka da arziki, Gimbiya."

Tsohuwar ba ta ɗago ba. Tana zaune a gindin rumbunta da ya zube, tana tsince gero daga cikin laka. Kwana biyu ke nan da kogin Maggiya ya ɓalle ya shiga ƙauyensu, kusa da Dogarawa, a daminar 1994. Jibo, jikanta mai leburanci a masana'antar siminti ta Malbaza, ya sauke damin buhunan da ta aika ya kawo don a cika da yashi a tare bakin fadama. Ya ga shatin ruwa a bango, daidai ƙirjinsa.

"Au, mijin nawa na da rai?" in ji ta. "Har na hwara takaba."

"Ni mamaki nike. Ruwa ya ci rumbu, ya ci awaki, ke ya shinshina ya ce ba ya cin ƙashi."

"Ihu bayan hari! Sati ukku da aike. Da hawainiya na aika, da ta dawo har ta yi aure."

"Buhuna ɗari ne hwa."

"Ɗinka riga da su. Ba a hwahe gora ranar tahiya."

Jibo ya dubi damin buhunan. Ya san ranar hutu ya yi ta jira, yana cewa akwai lokaci. Ya leƙa ta kan dangar maƙwabci.

"Ina Abarshi? Shi zai raba mu."

"Ya koma kwance bijiminshi daga turke. Jiya anka samu gawarshi cikin gonar dawa, igiya na hannunshi."

Jibo ya yi salati, ya durƙusa. Warin hatsi mai ruɓa ya cika gidan. Tsohuwar ta nuna shi da yatsa.

"Ku kunka jawo muna. Kunka sare itacen tudu kunka kai Konni, yashi ya gangaro ya cike ma kogi gado. Wanda anka cike ma gado, ina za shi kwana in ba ɗakin mutane ba?"

"Da mi kika dahwa tuwon shekara saba'in? Rabin dajin ga cikin murhunki ya ƙare."

"Cikin wa tuwon ya shiga, ɗan nema?"

"Na ji. Tashi mu hau tudu wurin ƙanwarki Inna Saratu. Hadari na sake haɗuwa gabas."

"Ba ni zuwa. Nan anka binne cibiyar ubanka."

"Cibiyar nan yanzu ta ƙetare iyaka, tana Najeriya tana koyon Turanci."

Ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata, ta koma tari, hawaye na bin kumatunta. Ta kwance haɓar zanenta da haƙori, ta miƙa masa wani ɗan ƙulli. Irin albasa ne, busasshe ƙamas.

"Shi kaɗai na hitar, bisa kaina na ɗora shi. In ruwa ya janye ka zo mu yi lambu cikin lakar ga, tun da ta cinye muna dawa."

"Wallahi ina zuwa."

"Kada ka rantse, na san tahiyarka. Juyo da bayanka, ango. Ƙahwahuna sun ƙi."

Jibo ya soke ƙullin a aljihu, ya goya ta. Ko nauyin rabin buhu ba ta kai ba.