Yadda Za Ka Auri 'Yar Malali da Mataccen Farantin Sola

Albishirinka, ɗan'uwa! Tunda rediyo ta fara zancen dokokin ƙarfafa amfani da hasken rana, surukai suka waye. Ga Alhaji Sharhabil na unguwar Malali, tsohon ma'aikacin gwamnati, ya rantse 'yarsa Umaima ba za ta tare a gidan da janareto ke tari ba. Kai kuma Umaima kake so, aljihunka kuwa fayau. Sha kuruminka! Bi matakan nan, in ba a ɗaura ba a canza mini suna.

1. Nemo faranti
Shiga Babbar Kasuwa ka nemi farantin sola wanda ya mutu murus. Kada ka ji kunya. Daga ƙasa, mai rai da gawa ƙyallinsu ɗaya.

2. Ɗora shi a kan kwano
Masana za su ce ka fuskantar da shi wajen rana. Rabu da su, rana ce za ta ba ka mata? Titi za ka fuskantar, daidai inda Alhaji zai faka mota.

3. Tura janareto gudun hijira
Kai shi gidan maƙwabcinka Husaini, ka zuro waya ta bayan katanga. Duk wanda ya yi ƙorafin ƙara, girgiza kai ka ce, "Wallahi fama nake da Husaini, ya ƙi wayewa." Da yamma ka kai wa Husainin tsire, tunda shi ke shan zagin.

4. Tarbi suruki
Ranar da Alhaji ya zo ganin gida, kunna fanka har hularsa ta motsa. Durƙusa ka ce, "Baba, ai mu tun kafin doka muke bin doka." In ya ce, "Madalla, yaro, ina baturan?" ka yi ƙasa da murya: "Suna hutawa, Baba, ba a son a dame su." In mai ya ƙare fanka ta tsaya, leƙa sama ka ce gajimare ne ya gifta, ko da ana ƙwallara rana.

5. Sha biki
An ba ka! Yi rawa, yi tsalle, ni ma daɗi ya kashe ni. Sai dai ranar jere za ka ga akori-kura ta sauke firiza uku a ƙofarka. Na surukarka ne, Hajiya Mero mai sana'ar ƙanƙara. Za ta ce, "Ɗana, tunda wutarka kyauta ce daga Allah, na dawo da sana'ar nan gidanka. Alhaji ma ya sayar da injinmu." Yi murmushi ka ce, "Allah ya sa albarka, Hajiya."

Sanarwa: in ƙanƙara ta narke ta biyo zaure, Hajiya ta biyo waya har gidan Husaini, ban san ka ba, ban taɓa ganinka ba. Ɗaurin aure na koyar, zaman aure kuwa ka nemi wani malamin.