Bututun Ɗakin Inna

In ana lissafin 'ya'ya masu albarka a layinmu, da Babban Yaya ake farawa. Shi da kansa ya tsara lissafin, kuma har yau bai samu wanda ya cancanci zama na biyu ba. Dillalin filaye ne, amma tun ranar da ya tsaya a kan magina suka ɗaga masa katanga ya koma Injiniya, har da sayen hular kwano da yake ajiyewa a gaban mota inda za a hango ta ta gilashi. A gabansa ƙannensa suna ce masa Yaya. Da ya juya baya sunansa A-gani-a-faɗa.

Babban abin tinƙahonsa shi ne mahaifiyarsu, Inna, a gidansa take. "Mu shida ta haifa," in ji shi ga duk wanda ya yi kuskuren gaishe shi, "amma wa ke riƙe da ita?" Saboda Inna dangi ke cika falonsa duk ƙarshen mako, shi kuma ya hakimce a kujerar tsakiya yana yanke hukunci kan karatun ɗan wane da sana'ar 'yar wance. In babu Inna babu mai tako masa ƙofa. Ya san da haka, shi ya sa yake riritata kamar takardar fili.

Ɗakin da ya ba ta yana can ƙurya, bango ɗaya da banɗaki. Da can yana da taga. Sai Allah ya hore wa Yaya mota, mota kuwa tana son gareji, garejin kuma ya faɗo daidai kan tagar. Aka jera bulo aka toshe. "Tsohuwa ba ta son sanyi," in ji ɗa mai tausayi. Ba a jima ba bango ya fara zufa, fumfuna ta yi baƙi ƙirin a bayan gado, zannuwan Inna suka ɗauki warin laima, ita kuma ta kama tari mai fito.

Auta, ƙanwarsu tela, ita ta kai ta asibiti. Likita bai yi dogon bayani ba: ko iska ta riƙa shiga ɗakin tana fita, ko Inna ta bar shi.

"Yaya, ka ba ni ita ko na ɗan lokaci ne," in ji Auta. "Ɗakina taga biyu gare shi."

Yaya ya dube ta ta saman tabarau. "Wannan akurkin naki? Matsalarku ke nan, kun tsaya a zamanin taga. Taga ai ta wanda bai waye ba ce. Yanzu duniya tsari ake yi wa iska, a ce mata bi nan ta bi. Ki zuba ido ki ga aikin ilimi."

Aikin fa ba wani aiki ba ne. Bangon bayan ɗakin Inna waje yake kallo. A huda shi, a zura bututun roba mai faɗi wanda bai kai tsawon hannu ba, a ɗaura fanka mai zuƙar iska, a ɗan rage ƙasan ƙofa don sabuwar iska ta samu hanyar shiga. Da haka aka yi, da kafin la'asar an gama, an share ƙasa. Sai dai bayan gidan Yaya babu kowa sai kwata da kuliyoyi, kuliyoyi kuwa ba sa yaba wa mutum.

Don haka ya ɗauki hular kwano ya nufi shagon kayan gini. Aka shimfiɗa masa bututu iri-iri: mai faɗi mai santsin ciki, wanda iska ke wucewa ba gardama, da mai lanƙwasa mai zobe-zobe kamar maƙogwaro, da siriri wanda aka yi don ruwa. Injiniya ya ƙwanƙwasa kowanne da ɗan yatsa, ya kara a kunne, ya girgiza kai irin na masana.

"Mai faɗin nan zai ɓata min falo. Ba ni siririn, ya fi kama da gidan manya. Ka haɗo da gwiwoyi, yadda zai riƙa karya kwana da kyau."

A jikin kwalin fankar an zana hoto ƙarara: bututu gajere, miƙaƙƙe, mai faɗi, domin kowace kwana tana cinye ƙarfin fanka. Yaya ya ce wannan don masu koyo aka zana. Mai shago bai ja da shi ba. Wa zai yi musu da mutumin da ya zo kwashe masa kayan da suka shekara a kanta?

Ga hanyar da aka tsara wa numfashin Inna. Bututu ya fito ta saman ƙofarta, ya bi baranda, ya kauce wa agogon bango, ya shiga falo, ya zagaye hoton Yaya da yake gaisawa da wani babban mutum, ya sunkuya ƙarƙashin fitila, ya sake hawa, ya ratsa gareji, sannan ya leƙo titi ta saman get, inda aka sa masa raga mai ƙyalli. Na bi shi da awo: mita ashirin da biyu, gwiwa goma sha ɗaya. Fankar da aka ɗora wa wannan tafiya ba ta fi faranti ba. A tsakiyar falo kuma aka yanka bututun aka sa wata ragar, don baƙi su riƙa taɓa iska da hannunsu. Aka shafe bututun da fenti ruwan zinariya, har shafi biyu.

Mako uku ana wannan hidima, Inna na ciki tana tari. Da matar Yaya ta ce ko a mayar da ita ɗakin yara kafin a gama, sai ya ce a'a, hakan zai ɓata gwaji. Ranar da aka kunna fankar ta ɗauki kuka kamar injin markaɗe a saman kan tsohuwa. Ƙofa kuwa an bi gefenta da roba an liƙe ruf, kada iskar waje mara tsari ta shigo ta gurɓata aiki. Bango ya ci gaba da zufarsa.

Sai ranar buɗewa. Yaya ya gayyaci dangi kaf da maƙwabta, ya yi hayar kujeru talatin, aka raba lemo. Kawu, ƙanin Inna, aka ba kujerar gaba. Inna ta ce ba za ta iya fitowa ba, Auta ta shige wurinta. Yaya bai damu ba, dama taron ba na Inna ba ne.

Ya hau kan tebur ƙarƙashin ragar falo, ya gyara murya.

"'Yan'uwa, abin da kuke gani a sama ba roba ba ce, biyayya ce. Wani ɗan sai ya huda bango kamar ɓera ya ce ya gama. Ni kuwa na ce numfashin mahaifiyata ba zai fita ta bayan gida ba. Ta ƙofar gaba zai fita, kowa ya shaida!"

Aka tafa. Ya zaro tishu ya ɗaga a bakin ragar don a ga yadda iska za ta kaɗa shi. Tishu ya rataya kamar an shanya shi. Ya matsa da shi. Ko motsi. Wata gwaggo ta ce ko a hura masa ne.

"Ku yi shiru!" in ji Yaya. "Iskar zamani ba a ganinta, saurarenta ake yi. A kashe talabijin. Kowa ya kasa kunne."

Falo ya yi tsit. Can sai kukan fankar ya ɗauke ɗif, sannan muryar Inna ta fito daga ragar, tar kamar a rediyo.

"Yauwa, Allah ya yi miki albarka, kaina kamar zai tsage. Ɗauko jakar can ki zuba zannuwan. Ki shinshina, wanda ya yi wari ki bar masa."

"Inna, ba za ki bari a gaya masa ba?" Muryar Auta ce.

"Bar shi ya gama wa'azinsa. Tun yana yaro haka yake. In na aike shi ɗebo ruwa sai ya zagaye layi don a ga bokitinsa, ya iso gida babu ko rabi."

"In ya hana fa?"

"Ya hana wa? Ni na haife shi ko shi ya haife ni? Ni dai taga nake so, 'yar nan. In buɗe in ga sama." Sai tari ya biyo baya, mai tsawo, ya bi gwiwa goma sha ɗaya ya sauka a kunnen kowa.

Babu wanda ya kalli wani. Yaya na tsaye kan tebur, hannu a sama, tishu a rataye.

Kawu ya shanye lemonsa, ya dafa sanda ya miƙe, ya ɗaga kai ya ƙare wa bututun kallo tun daga baranda har gareji.

"Injiniya, aiki ya yi kyau," in ji shi. "Ko kalma ɗaya ba ta ɓace a hanya ba." Sannan ya juya ga sauran dangi. "Wa ya san kwatancen gidan Auta?"